Algaitar da Ta Shiga Ɗaki

Kawuna mai algaita ne. Na yi wajen shekara talatin ban faɗi wannan magana a gaban mutane ba, ga shi yau da ita nake buɗe rubutu. Ƙanen mahaifiyata ne, kuma shi ya gaji busa a fadar sarkin garinmu, can ƙasar Damagaram, kamar yadda ubansa ya gada daga nasa uban. Mahaifina ma'aikacin gwamnati ne. Ya auri ɗiyar mabusa, amma bai taɓa yarda ɗansa ya kusanci sana'arsu ba. Ranar da ya iske ni a zauren kawu da algaita a hannu, ina ɗan shekara tara, bai buge ni ba. Cewa kawai ya yi, "Lakwal na sa ka, ba roƙo ba." Daga ranar na koyi kauda kai idan ayarin sarki ya biyo ta gaban ƴan ajinmu.

Abin da ya fi zama a raina daga kawu shi ne wani ɗan kara da yake sawa a baki tun asubar ranar hawan salla, yana jiƙa shi da miyau, ba ya amsa gaisuwar kowa sai da kai. Tsawonsa bai kai gaɓar yatsa ba. Baki biyu gare shi, siri-siri, suna fuskantar juna, kuma idan iska ta ratsa tsakaninsu sai su yi rawa, rawar nan ita ce amo. Kawu yakan ce algaita itace ce kawai da fata, harshenta shi ne wannan ɗan kara. Ni ma harshe zan riƙa kiransa a nan.

A ƙarshen watan Agusta na 2018 ina birnin Garnata, kudancin Sifaniya, wajen wani kwas na malaman tarihi. Zuciyata na kan Alhambra da labarin Abu Ishaƙ al-Sahili, ɗan garin da ya bi Mansa Musa zuwa Mali bayan hajjin 1324, har ya rasu a Tumbutu. Wata safiya na zauna shan shayi, sai na ga teburin da ke kusa da ni mutum huɗu, mata biyu maza biyu, kowa da ɗan kara a baki kamar asuwaki, ga ƴan kofuna na ruwa a gabansu da wasu karan a jiƙe. Ba sa magana da juna. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tambayi dattijon cikinsu da Faransanci ko mene ne wannan, ya cire na bakinsa ya nuna mini. Baki biyu, siri-siri, an ɗaure gindin da zare. Harshen kawu ne, sai dai an yi masa gyaran fuska.

Dattijon Bafaranshe ne, ya ce ya yi shekara talatin da wani abu yana busa basun a wata babbar ƙungiyar makaɗa kafin ya yi ritaya. Taron shekara-shekara ya kawo su, na ƙungiyar masu busa kayan da ke da tagwayen harshe, wadda ake taƙaita sunanta da IDRS. Da na ce masa kawuna ma irin wannan yake busawa, sai ya ajiye kofinsa ya ce lalle in biyo shi. Shi ya yi mini hanyar shiga, kuma kwana biyu na yi ina tsallake darasin yamma saboda wannan taro. Ban yi nadama ba.

An kafa ƙungiyar a Amurka a 1971, ta yi taronta na farko a 1972 a Ann Arbor ta jihar Mishigan. Tun daga nan take zagaya duniya: Birmingham a 2009, Tokiyo a 2015, Garnata a 2018. Tana da mujalla, tana kuma da gasar matasa mai sunan mutum biyu, Fernand Gillet, wanda ya busa obo a ƙungiyar makaɗan Boston, da Hugo Fox, wanda ya busa basun a ta Chicago sannan ya koma garinsu a jihar Indiyana ya buɗe masana'antar sassaƙa basun. Shekara ɗaya gasar ta masu obo ce, ta gaba ta masu basun. Duk wannan hidima a kan kayan busa biyu ne da ƴan uwansu na kusa.

Obo ita ce siririyar, baƙa, tsawonta kamar santimita 65, an lulluɓe ta da maɓallan azurfa har da kyar ake ganin itacen. Basun kuwa dogo ne, ja-ja, ana rungumarsa a karkace. Bututunsa ya kai mita biyu da rabi, shi ya sa aka naɗe shi biyu. Italiyawa da Jamusawa suna kiransa da sunan da ake dangantawa da damin itace, kuma duk wanda ya ga an kwance shi gunduwa-gunduwa cikin akwati ba zai yi musu ba. Obo tana da murya kamar ta yarinya mai ɗan mura, basun kuwa kamar dattijon da ke magana ƙasa-ƙasa a zaure, amma idan ya ga dama sai ya ba mutane dariya.

To ina haɗin waɗannan da algaita? Dangi ne. Daga Maroko har ƙasar Sin akwai irin wannan abin busa mai bututu da ke buɗewa zuwa ƙasa da harshe biyu a sama: gaiɗa a Magrib, wadda sunan algaitarmu ya fito daga gare ta, zurna wurin Turkawa, shehnai a Indiya, suwona a Sin. Kusan ko'ina aikinsu ɗaya ne, wato busa a fili, gaban sarki ko gaban runduna ko ƙofar gidan biki, tare da ganga. Turai ma ta daɗe da nata. A ƙarnonin tsakiya garuruwan Jamus da Ingila suna ɗaukar mabusa aiki, suna hawa hasumiya su busa don sanar da lokaci ko isowar babban baƙo. Masana da dama na ganin cuɗanya da ƙasashen Musulmi, ta Andalus da Sisiliya da yaƙe-yaƙen ƴan Salibi, ita ta yaɗa wannan busa a Turai. Har gobe a ƙauyukan Sifaniya ana busa wata mai suna dulzaina a bukukuwa, kuma wanda ya ji ta daga nesa zai rantse hawan salla ake yi.

Inda hanya ta rabu shi ne fadar Luwi na 14, sarkin Faransa. Abin da ya ba ni mamaki da na bi tarihin shi ne inda mabusan sarkin suke a tsarin fada. Ba a cikin gida suke ba, ƙarƙashin babbar bargar sarki aka lissafa su, tare da masu ƙaho da masu ganga. Akwai ma rukuni na musamman na mabusa goma sha biyu. Aikinsu fita ne: naɗin sarauta, tarbar baƙi, rakiyar sarki. Kuma sana'ar gado ce, gidaje kamar na Hotteterre da na Philidor suka riƙe ta uba da ɗa da jika. Mai karatu, cire hular gashin da suke sawa ka ɗora musu rawani, me ya rage? Kawuna ma wurinsa kusa da dawaki yake.

Matsalar ita ce sarki yana son kiɗa da rawa a cikin ɗaki, tare da gogen Turawa da mawaƙa, a ƙarƙashin babban makaɗinsa Lully. Tsohon abin busan kuwa ba ya shiga ɗaki. Amonsa ɗaya ne, mai ƙarfi, ba ya raguwa. Sunan da Faransawa suka ba shi ma, wanda daga gare shi kalmar obo ta fito, ma'anarsa itace mai ɗaga murya. Dalilin ƙarfin nan na san shi tun ina yaro ba tare da na san na sani ba. Algaitar kawu tana da ɗan faifai na ƙarfe a ƙasan harshe. Yakan cusa harshen gaba ɗaya cikin baki, leɓɓansa su dafe kan faifan, harshen na rawa a sake a cikin kogon baki ba abin da ke taɓa shi. Amo sai ya fito da iyakar ƙarfinsa. Tsofaffin na Turai ma suna da irin wannan madafar leɓe, ta itace.

Tsakanin wajen 1650 da 1670 masassaƙan fadar, waɗanda su ne kuma mabusan, suka yi abu uku. Suka raba itacen gida uku don a iya rarake kowane sashe daidai gwargwado. Suka tsuke ramin ciki. Sannan suka cire madafar leɓen nan, ya zama mabushi yana riƙe harshen da leɓɓansa kai tsaye, ya matse ko ya sassauta. Wannan na ukun shi ne babba. Da shi aka samu busa mai raɗa da mai tsawa a numfashi guda, aka samu hawa sama zuwa muryoyin da da ba a kaiwa. Basun ma a wannan zamani aka raba shi gida huɗu daga wani kakansa da ake sassaƙawa da itace guda. Ƙauyen da gidan Hotteterre ya fito, La Couture-Boussey a Normandi, har yanzu ana sassaƙa kayan busa a cikinsa.

Shiga ɗaki ya jawo shiga takarda. Da zarar mabushi ya zauna kusa da mai goge, dole su bi rubutu ɗaya, dole kuma muryarsu ta daidaita. Vivaldi, wanda ya koyar a gidan marayu mata na birnin Benis, ya bar kiɗa 39 da basun ke jan gaba a cikinsu. Mozart ya rubuta nasa a 1774 yana ɗan shekara 18, kuma dattijon nan ya gaya mini duk mai neman aikin busa basun a babbar ƙungiya sai ya busa shi a gaban alƙalai, sau da yawa ta bayan labule don kada a ga fuskarsa. Aka buɗe makarantar kiɗa ta Faris a 1795. A Jamus, Almenräder da Heckel suka kafa masana'antarsu a Biebrich a 1831, kuma tsarin basun ɗinsu ne ya mamaye duniya. A Faris gidan Triébert ya yi ta ƙara wa obo maɓallai, daga biyu ko uku na zamanin Luwi har suka wuce ashirin, kuma a 1881 François Lorée, wanda ya yi aiki a gidan, ya buɗe nasa kamfanin da ke nan har yau. Obo ta kai matsayin da kafin a fara kowane babban kiɗa, ita ke ba da muryar "la", kowa ya daidaita kayansa da ita. Ɗan barga ya zama shi ake saurara kafin a motsa.

A zauren baje koli na ga inda wannan tarihi ya kai. Tebur bayan tebur, ga obo jere kamar bindigogi, ga basun da kuɗin guda ɗaya zai sayi gida a Zinder, ga wuƙaƙe, zaruruwa, na'urorin auna kauri. Hayaniyar wurin kuwa ba a magana, don kowa gwaji yake, mutum ɗari na busa abu ɗari. Wani abu da ake ta gunaguni a kai a shekarar shi ne itace. Baƙin itacen da ake sassaƙa obo da shi daga Afirka yake zuwa, akasari Tanzaniya da Mozambik, inda ake kiransa mpingo, kuma bishiyar sai ta shekara sittin ko fiye kafin ta isa sara. Tun farkon 2017 aka sa shi cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido, don haka masu sayarwa na fama da takardu a kan iyaka. Daga baya, a 2019, aka sassauta wa kayan kiɗa. Na tsaya ina kallon wata obo ina tunanin cewa jikinta ɗan nahiyarmu ne, sunanta ne kawai na Faris.

Amma duk injinansu akwai abu ɗaya da ya gagare su, harshen nan. Wani irin kara ne da ya fi kyau a yankin Var na kudancin Faransa, a sare shi da sanyi, a shanya shi shekara ɗaya ko biyu. Mabushi da kansa yake tsaga shi, ya rarake, ya naɗe biyu, ya ɗaure da zare, sannan ya zauna da wuƙa yana kankarewa har bakin ya fi takarda siranta. Na shiga wani aji inda wata ƙwararriya ke kankara a ƙarƙashin kyamara, mutum fiye da hamsin sun zuba wa majigi ido kamar ana tiyata. Dattijon ya ce cikin goma da zai yi, da kyar biyu su yi kyau, kuma mai kyaun ma kwana kaɗan yake yi. Sauyin gari kan ɓata shi, zafin Garnata da bushewarta sun sa rabin mahalarta cikin damuwa. Na yi dariya ni kaɗai. Kawu ma idan hunturu ya shigo haka yake yini yana tsaki.

Kiɗan da na saurara suna da yawa, biyu ne suka zauna mini. Na farko na Richard Strauss ne. Labarinsa shi ne a 1945, yaƙi na ƙarewa, wani sojan Amurka mai suna John de Lancie, wanda mabushin obo ne kafin a ɗauke shi soja, ya ziyarci tsohon a gidansa na Garmisch ya tambaye shi ko ya taɓa tunanin rubuta wa obo kiɗa. Tsohon ya ce a'a. Kafin shekara ta ƙare sai ga shi ya rubuta. Farkonsa dogon zance ne da kusan babu wurin shan iska, kuma dattijon, da ya kunna mini shi a wayarsa muna jiran a buɗe zaure, ya ce masu obo na tsoronsa kamar jarrabawa.

Na biyun a ƙaramin ɗaki ne da rana. Wata matashiya ta tsaya ita kaɗai da basun, ta kama murya guda ta riƙe. Minti ɗaya, biyu, uku, amon bai yanke ba. Na dubi kumatunta, sai na ga suna kumbura suna saɓewa, hancinta na jan iska a ɓoye. Tana tara iska a kunci ta tura da shi, a daidai lokacin tana shaƙar wata ta hanci. Da ta gama ɗakin ya ɗauki tafi. Dattijon ya raɗa mini cewa wannan fasaha ce ta zamani a wurinsu, a lokacin da yake makaranta ba a koya musu ita ba. Sai a rabin ƙarni na 20 na biyu mutane irin su Heinz Holliger na Suwizalan suka shigo da sababbin dabaru, kuma a 1995 Luciano Berio ya rubuta wa Pascal Gallois wani kiɗan basun na kusan minti ashirin da ake busawa da irin wannan numfashi.

Ban tafa ba, don hannuna rawa yake. Wannan shi ne darasin farko da kawu ya fara koya mini kafin a hana ni. Ƙwarya da ruwa, da ɗan karan dawa mai rami: ka yi ta hurawa, kumfa kada ta tsaya. Yaran gidan mabusa suna iya wannan kafin su iya wanke allo. Kawu yakan raka sarki daga fada zuwa filin idi kumatunsa kamar an cusa goruba, amo bai yanke ba, mu kuwa muna yi masa dariya a ɓoye. 

Ba ina cewa tasu ta fi tamu ba, ko tamu ta fi tasu. Obo ba za ta iya aikin algaita ba, a filin hawa ko dokin da ke kusa ba zai ji ta ba. Kuma ban yarda sai an canza wa abu kama kafin ya sami daraja ba. Bismillah Khan bai ƙara wa shehnai maɓalli ko ɗaya ba, amma shi ya busa a Jan Ganuwa ta Delhi lokacin samun ƴancin Indiya a 1947, kuma a 2001 ƙasar ta ba shi lambar girma mafi girma da take da ita. Abin da ya dame ni a matsayina na malamin tarihi shi ne rubutu. Littafin Tarihin Kano ya gaya mana a zamanin Rumfa aka fara kakaki, ya lissafa sarakuna da yaƙoƙinsu, amma masu busa wa sarakunan ba su da layi. Ni da nake iya jero Hotteterre da Triébert da shekarunsu, sunan kakan kawuna sai da na buga waya gida na tambaya. Algaitarsa mai huji huɗu tana faɗin kirarin sarki da na kakanninsa, mutanen gari na ji suna fassarawa kalma bayan kalma, abin da obo da duk maɓallanta ba ta yi. Ya rasu ina jami'a, ban ɗauki muryarsa ko a kaset ba, alhali ina da rediyo mai ɗauka a ɗakina.

Ranar rabuwa dattijon ya buɗe wani ɗan akwati kamar na zobe, ya zaɓi harshen obo guda da wani abokinsa ya kankare, ya ce in kai wa mutanenmu su gani. Na naɗe shi a auduga har Yamai, daga nan har gida.

Babban ɗan kawu yanzu kabu-kabu yake yi, amma idan salla ta zo shi ke ɗaukar algaitar, don babu wani. Na iske shi da yamma a zauren nan dai. Na ba shi labari, yana saurare yana murmushi, ina jin bai gaskata rabinsa ba, musamman zancen kuɗin basun. Sai na kwance audugar. Ya ɗaga ɗan karan ya duba a hasken ƙofa, ya yaba ɗaurin zaren, ya sa a baki ya jiƙa, muka yi shiru kamar yadda ake yi. Can ya hura. Abin ya yi wata ƴar ƙara kamar zakaran da bai gama koyon cara ba.

"Yaya, aikin ya yi kyau," in ji shi, "amma wannan ai ko bakin kasuwa ba zai kai ba."

Ya miƙo mini, ya tashi ya shiga cikin gida. Na ji yana jan tsohuwar adakar kawu daga ƙarƙashin gado. Na ciro wayata na duba ko akwai sauran caji.